Faɗana a Bakin Kalangu

Har gobe ina nan a kan bakana: ni ba masifaffiya ba ce. Murya Allah Ya ba ni, kuma mutanen Briqueterie, unguwarmu a Yawunde, wadda mu 'yan unguwa muke ce wa Birik, ba sa jin magana sai an ɗaga ta. Gidan haya Baba ya rasu ya bar mana, ɗakuna a jere, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, ga ni kuma ina sayar da tuwo a ƙofar gida. To a faɗa mini yadda mace za ta riƙe irin wannan gida da raɗa. Amma mutane ba su da adalci. Da aurena na fari ya mutu ba wanda ya tambayi abin da mutumin ya yi, kowa cewa ya yi bakina ne ya kashe auren.

Na daɗe ina zawarci. Sai a shekarun nan da jirgin ƙasa ya fara kaiwa har Ngaundere, lokacin da hoton shugaban ƙasa na farko yake rataye a kowane shago, Allah Ya kawo wani tela daga Zariya, mai aikin babbar riga, ya sauka a unguwar Nkomkana wurin yayarsa. Dogo ne, mai sanyin hali, in ya yi sallama sai ka matso kafin ka ji. Ya zo cin tuwo, ya dawo, ya sake dawowa, rannan ya ajiye kwano ya ce miyata tana tuna masa gida. Ba zan ɓoye ba, na so mutumin nan. Na so shi irin son da ban yi wa na farin ba, har in na hango hularsa ta ɓullo daga kwana sai in rasa inda na ajiye ludayi.

Matsalar ita ce yayarsa, Hajiya. Ita ta raine shi, ita ta kirawo shi Yawunde bayan rasuwar matarsa, kuma ko hula zai saya sai ta gani. Ta ce ƙaninta ba ya son hayaniya, marigayiya ko kaza ba ta iya korawa, don haka sai ta bincika halina kafin a kai goro. Ni kuwa na ɗaure bakina tamau. In suna wurin, idona a ƙasa, murya kamar ta mai mura, ko yaro ya taka mini tabarma sai in ce, “Allah Ya yi maka albarka, matsa kaɗan.” Da Hajiya ta aiko bincike, duk 'yan hayarmu suka rantse cewa ko yatsa aka sa mini a baki ba zan ciza ba. Har hawaye na yi don jin daɗi. Sai daga baya na gane ba don Allah suka yi ba, so suke in koma Nkomkana su huta.

Sai ƙanena, Auta. Yana rarrafe Innarmu ta rasu, a bayana ya girma. Ya yi lekol, wato boko, ya yi ƙoƙari, gwamnati ta tura shi Faransa. Mu muna nan muna jiran likita, sai ga shi ya dawo da wani ɗan akwati mai ƙugu, ya buɗe, gogen Turawa ne a ciki. Na ɗora hannu a ka. Na ce, “Auta, mu da ba mu gaji kiɗa ba? Kakanmu fatauci, ubanmu fatauci, kai kuma roƙo?”

Ya ce, “Yaya, ba roƙo ba ne. Nawa kiɗan ɗaki ne.” Ya faɗi sunansa da Faransanci, ban riƙe ba. Wai mutum uku ko huɗu ne za su zauna a ɗaki su yi kiɗa, ba rawa, ba liƙi, ba a wasa kowa, masu sauraro kuma su yi tsit, ko tari ya taso maka sai ka haɗiye.

Na ce, “To wannan ai zaman makoki ne.”

Ya samu aikin koyar da kiɗa a wata makaranta a unguwar Messa, yara suna ce masa Metir, wato malam. In ya taso kuwa sai ya shiga wasu halaye da suka sa 'yan unguwa suka fara cewa Faransa ta taɓa masa kai. Ruwan Yawunde zai tsuge, kowa ya gudu ɗaki, shi sai ya tsaya a zaure ya rufe ido yana sauraron kwanon rufi. Ya je layin teloli ya jingina da bango yana kaɗa kai ga ƙarar kekunan ɗinki. Ya tsaya gaban mai soya, wato mai tsire, ba zai saya ba, wuƙar da ke sauka a kan katako yake bi da yatsa, har mai soyan ya aiko a tambaye ni ko lafiya. Da na tsare shi, sai ya ce a can masu tsara kiɗa sun gaji da kwaikwayon na kakanninsu. Wani daga kukan tsuntsaye yake samo nasa, wani daga jirgin ƙasa, wani ma daga ƙofar da ba a sa wa mai ba. Malaminsu ya ce masa kada ya ɓata lokaci yana son zama Bature, ya koma gida ya saurari abin da kunnensa ya fi sani tun yana yaro.

Na ce, “To me kunnenka ya fi sani?”

Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce yana nan yana nema.

Daga wannan rana yaron nan ya sa ni a gaba. Ka san mai riƙe baki a waje dole ya sami inda zai sauke, ni kuma da safe nake saukewa, kafin lokacin zuwan tela. Auta ya gane haka. Sai in tashi in tarar an ɗage mini tukunya daga murhu an ajiye a bakin famfo. Ko ya shanya jiƙaƙƙen wandonsa daidai saman garin tuwona. Ko ya tsaya a kaina ya ce, “Yaya, anya miyar jiya ba ta kwana biyu ba ce?” Ni kuwa in buɗe masa wuta. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ya ramawa, ba ya gudu. Sai ya rufe ido yana kaɗa kai kamar mai jin karatu, leɓensa na motsi. Rannan na gama wanke shi tas, ina haki, sai ya buɗe ido ya ce, “Yaya, don Allah maimaita na ƙarshen nan, inda kika hau sama kika sauko.” Na jefe shi da muciya, ya kauce, ya shige ɗaki ina jin yana ƙiƙi-ƙiƙi da gogensa.

Ya haɗa mutanensa, su huɗu har da shi: shi da ƙaramin gogensa, wata Baturiya malamar makarantarsu da wani ƙaton goge da take jinginewa tsakanin gwiwoyi, wani malami ɗan ƙabilar Ewondo mai busa sarewar ƙarfe, sai mai kalangun mahautan unguwarmu. Shi mai kalangu ba ya karanta takardar kiɗa, Auta ne yake rera masa da baki shi kuma ya ɗauka. A makaranta suke gwaji, ban taɓa ji ba. Na dai lura duk inda mai kalangun nan ya gan ni sai ya durƙusa har ƙasa ya ce, “Ranki ya daɗe, uwar gayya,” ya tashi yana ƙunshe dariya. Na ɗauka tuwon kyauta yake nema.

Da aka sa ranar da za su yi wasa a gaban jama'a, wata Lahadi bayan la'asar, ni da bakina na gayyaci Hajiya da ƙaninta. Na ga dama ce ta samu: su ga ina da ƙane mai ilimi wanda Turawa ke zuwa saurare, su ga kiɗan gidanmu ma na natsuwa ne. Da na gaya wa Auta, sai na ga ya ɗan yi turus.

Ya ce, “Yaya, da kin bar su sai wani karon.”

Na ce, “Kunyar su kake ji, ko kunyata? Don ba su iya Faransanci ba?”

Ya yi lissafi a ransa, sannan ya ce ba komai, ai kiɗa ne kawai, ba waƙa a ciki, ba wanda zai ji wata magana.

Ɗakin taron makarantar ƙarami ne. A gaba aka jera kujeru na Turawa da malamai masu kwat, a baya kuma benci. Mutanen Birik ba a gayyace su duka ba, amma sun ji an ce akwai kalangu, kuma ba a taɓa yin kalangu babu su ba, don haka suka cika bencin har da tsaye. 'Yan hayarmu kaf suna nan. Na sha sabon zane, na ja mayafi har goshi, na zauna kusa da Hajiya. Tela yana can ɓangaren maza, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Auta ya fito ya yi bayani da Faransanci, sannan ya juya da Hausa ya roƙi jama'a don girman Allah kada a yi guɗa, kada a taso liƙi, kada a yi magana har a gama. Wata tsohuwa a baya ta ce, “To me muka zo yi?”

Kashi na farko wai ruwan sama ne a kan kwano. Baturiya tana tsinken igiya da yatsa, ɗis, ɗis, mai sarewa yana hura iska ba sauti. Aka daɗe ana haka. Hajiya ta karkato ta ce mini, “Yarinya, har yanzu gyaran igiyar suke yi?” Na ce a hankali, “An fara, Hajiya.” Ta ce, “Ikon Allah.” Kashi na biyu kekunan ɗinki ne da wuƙar mai soya, kuma gaskiya wannan ya yi kama, don na ga tela ya ɗago kai yana taka ƙafa kamar yana kan keke. Raina ya yi fari. Na ce a zuciyata, Auta, ka fitar da ni kunya.

Sai kashi na uku. Auta ya ce sunansa safiya. Duk tsawon lokacin nan mai kalangu yana zaune da gangarsa a hammata, ya yi tagumi kamar an hana shi abinci. Auta ya ɗaga masa gira. Mutumin nan ya gyara zama, ya matse igiya, ya sauke gula.

To, Bature in ya ji kalangu, ganga yake ji. Mu kuwa magana muke ji. Da shi ake kiran mahauci da sunansa daga ƙarshen kasuwa, da shi ake yi wa mutum habaici ya ji a jikinsa. Ba a kai ko'ina ba na ji gangar nan ta faɗa, sarai kamar da bakin mutum: “Wane ɗan banzan ne ya taɓa mini tukunya?” Gogen Auta ya ɗauka ya haye sama da shi, siriri, mai kaifi. Na ce wataƙila kunnena ne.

Wata 'yar hayarmu ta yi wani irin tari ta toshe baki da mayafi. Kalangu ya ci gaba: “Ku fito, munafukai, na san kuna jina!” Benci ya fara girgiza. Baturiya ta shigo da ƙaton gogenta can ƙasa, guuu, guuu, daidai yadda tsohon da ke ɗakin ƙarshe yake ba ni haƙuri kullum, kalangu kuwa ya hau kanta ya danne. Sarewa ta yi ɗan tsit-tsit irin na yaran da ke gudu. Sannan gangar ta ja numfashi, wallahi har inda nake jan numfashi an sa, ta saki wadda duk Birik ta haddace: “Ni? Ni za a raina wa hankali? A gidan ubana?”

Wani daga baya ya kasa daurewa, ya ɗaga murya ya amsa wa gangar: “Yi haƙuri, Yaya, ba ni ba ne!”

Ɗaki ya fashe. Maza suna dukan cinya, mata suna faɗawa jikin juna, tsohon ɗakin ƙarshe yana share hawaye yana cewa, “Wallahi ita ce! Ita ce da kanta!” Turawa suna waigowa suna sa yatsa a baki. Mai kalangu da ya ga kasuwa ta buɗe sai ya manta da abin da aka koya masa, ya shiga ƙaro wasu daga cikin nawa waɗanda ko Auta bai sani ba, har da abin da na gaya wa mai kawo itace ranar da ya kawo mini ɗanye.

Hajiya haihuwar Zariya ce, ta fi mu duka jin kalangu. Tun daga tukunya ta miƙe zaune. Ta saurara, ta saurara, har ta ɗan murmusa, sannan ta juya ga matar da ke bayanmu ta ce, “Wace ce wannan mai baki haka? Allah Ya raba mu da irinta.” Matar nan, wadda da kanta ta rantse wa 'yar aiken Hajiya cewa ni salihar baiwa ce, dariya ta ci ƙarfinta, ta nuna ni da yatsa ta ce, “Ga ta nan kusa da ke, Hajiya.”

Da na yi shiru, da wataƙila na musa. Amma watanni ina haɗiye magana, cikina ya cika. Ban san lokacin da na miƙe ba. Mayafi ya zame, na ɗaure shi a ƙugu, na nuna Auta na ce, “Ni? Ni za ka yi wa haka? Ni da na goye ka?” La'ananne mai kalangu ya bi ni kalma da kalma, muka tashi tare muka sauka tare. Turawan gaba suka ɗauka cikin tsarin ne, wani mai gemu har ya miƙe yana tafi yana cewa bravo.

Auta ya yi fari fat. Ya ɗaga wa mai kalangu hannu, ganga ta mutu. Ina tsaye ina huci, jama'a suna ta share ido, sai ya sa gogen a wuyansa, ya ja ƙarshen kiɗan shi kaɗai. A hankali ya ja shi, gajere, ya sake maimaitawa. Ba ganga, don haka ba wanda ya ji kalmomin. Ni na ji. Abin da nake gaya masa ne tun yana ƙarami, duk ranar da na yi masa faɗa ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci, in ɗauki kwano in tsaya a bakin ƙofa in rage murya don kada 'yan haya su ji. Ban taɓa sanin yana riƙe da shi ba. Na zauna, ɗakin ma ya yi tsit ba tare da an roƙi kowa ba.

Da na ɗago, Hajiya ta kai ƙofa. Tela yana bayanta, amma ya tsaya a bakin ƙofar ya juyo yana sauraro, sai da ta ja hannun rigarsa sannan ya fita.

Washegari ta aiko wata mata ta ce a dakata da maganar goro. Kowa ya san ma'anar a dakata. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa, na yi kuka kamar yarinya, don na riga na sa rai da mutumin nan. Auta kuwa na daina yi masa magana, faɗan ma na daina yi wa kowa. Gida ya rikice. 'Yan haya suna tafiya a kan yatsun ƙafa, har tsohon ɗakin ƙarshe ya zo ya ce in taimaka in zagi wani ko hankalinsu ya kwanta. Auta ya durƙusa a gabana ya ce, “Yaya, wallahi mantawa na yi. Na daɗe cikin mutanen da ba sa jin magana a ganga. Ni hawa da saukar muryar kawai na ɗauka. A can in sanyi ya dame ni, ba abin da nake kewa kamar in ji kina faɗa a tsakar gida.” Na so in rungume shi, na so in fasa masa gogen a ka. Na tashi na bar masa wurin.

Sati ya zagayo, wani ya bi bayansa. Rannan tsakanin azahar da la'asar, ba ciniki, ina kankare tukunya, sai na ji sallamar nan da sai an matso ake ji. Tela ne, shi kaɗai, yana tsaye a rana. Ban ja mayafi ba, ban sauke ido ba, me ya rage in ɓoye?

Ya ce, “Hajiya ba ta san na zo ba.”

Na ce, “To.”

Ya ce, “Tambaya na zo yi. Na ganga duk na ji, ba sai an fassara mini ba. Wancan na ƙarshe da ƙaninki ya ja shi kaɗai, shi ne ban samu kalmominsa ba, kuma ya hana ni sukuni. Ina ɗinki yana dawo mini. Shi ma naki ne?”

Na ce nawa ne.

“Me yake cewa?”

Na ji nauyi ya kama ni, ni da ban taɓa jin nauyin magana ba. Na dubi tukunya na ce, “Cewa yake, taso ka ci, ɗan'uwana, kada ya huce.”

Ya jinjina kai. Sannan ya ce, “Na farkon na auna shi, na ga zan iya ɗauka. Wannan na biyun nake so in sani, in an yi auren, yana ciki?”

Na buɗe baki, sai muryata ta gaskiya ta fito, wadda bai taɓa ji daga kusa ba: “Haba Malam! Mutum da gemunsa ya tsaya cikin rana yana tambayar da ya san amsarta? Ka shigo inuwa mana, ko so kake ka faɗi a ce ni na kashe ka?” Daga cikin gida na ji wata ta rangaɗa guɗa. Shi kuwa ya zauna a benci sumul, na zuba masa tuwo, ya wanke hannu.

Hajiya ba ta zo ɗaurin aure ba, sai da na haihu ta sauko. Shekarun da muka yi da tela, na farkon, wato faɗan, ya sha shi ya ƙoshi, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa ramawa ba. A ciwonsa na ƙarshe ya daina karɓar abinci daga hannun kowa, har 'ya'yansa. Sai na kori kowa daga ɗakin, na zauna a bakin gado da kwanon kunu, na rage murya na faɗa masa na biyun, sannan yake buɗe baki.